Muryar da Ba Ta Goguwa

"Muryar wa ce wannan?"

Alhaji Garuba bai ɗaga kai ba sa'ad da ya yi tambayar. Idonsa na kan wayar da ke ajiye a tabarma tsakaninsa da 'yarsa. Wayar ba tasa ba ce. Ta Issifou ce, sakataren ƙungiyar masu motocin haya, wanda ya naɗe ƙafa a gefe yana jan carbi kamar wanda ya zo gaisuwar rasuwa.

Safara'u ta durƙusa a bakin ƙofa. Shigowarta ke nan daga wurin aiki, ko mayafi ba ta cire ba.

Alhaji ya danna wayar. Wani kiɗa ya tashi, sai muryar mace ta biyo baya, a sanyaye.

"Taɓa nan... A hankali... Madalla, ka burge ni... Sake yi."

Daga nan sai dariyar maza, har da mai yin fito.

Ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi daga ka har ƙafa. Kalmomin nata ne, kowace ɗaya. Amma ba a haka ta jera su ba.

"Baba, tawa ce," ta ce. "Amma wallahi yankawa aka yi aka haɗa. Wasan koyon mota ne. Idan fitila ta kama a tablo, wato allon da ke gaban direba, sai in ce wa direba ya taɓa inda yake zaton amsar take. Idan ya dace sai in ce madalla. Ba ni da masaniyar..."

"Yau a mahauta," Alhaji ya katse ta, "ina tsaye ana fiɗa, wani mai babur ya tsaya sayen hanta. Wayarsa ta yi ƙara. Wannan ce ƙarar. Yarana suka sunkuyar da kai, ba wanda ya iya kallona. Ashe kowa ya sani a unguwarmu ta Didawure, ni kaɗai ne ban sani ba. Sai da na aika aka kira min Issifou ya faɗa min gaskiya."

Issifou ya yi gyaran murya. "Alhaji, ni ban so ka ji ba. Sati uku ina ɓoyewa."

Safara'u ba ta dube shi ba. Sau biyu yana aiko magabatansa neman aurenta, sau biyu tana ce wa mahaifinta ba ta so, kuma Alhaji bai matsa mata ba. Wata biyu da suka wuce ne aka karɓi goron Mudathir, saurayin da take so. Bayan Babbar Salla za a sa rana.

Shekara biyu Mudathir ya yi yana gina wasan nan da ya sa wa suna San Motarka. Yayansa Djibril direba ne, ya rasu a gangaren Aledjo da fasinja biyar, bayan fitilar birki ta yi kwana uku tana kamawa a gabansa bai san abin da take faɗa ba. Motocin da ake kawowa daga tashar jirgin ruwan Lomé da littafinsu suke zuwa, amma cikin Jamusanci ko Faransanci, kuma rabin direbobin ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko. Fitila in ta dame su, sai su manna mata takarda. Don haka Mudathir ya yi wasa mai magana: fitila ta kama, direba ya zaɓi amsa, murya ta gaya masa da Hausa ko da yaren Tem abin da zai yi.

Da ya zo neman murya, a makarantar koyon tuƙin da take sakatariya ya same ta. Jimla ɗari biyu da sha biyu ta karanta masa a ɗakin ajiya, sun jingina katifa a taga don ƙarar babura. Innarta kaɗai ta gaya wa. Inna ta ce ai aiki ne na lada.

"Na mayar musu da goronsu ɗazu," in ji Alhaji.

"Baba..."

"Ki saurare ni. Ban taɓa yi wa ɗiyata dole ba, kuma ba zan fara a kanki ba. Shekararki ashirin da shida. Amma ba zan ɗaura miki aure da wanda ya raba muryarki ga 'yan tasha ba. Ranar da na ratsa tashar Sokodé daga wannan ƙofa zuwa waccan ban ji ki a aljihun kowa ba, ranar za a sake yi min maganar aurenki. Wanda ya iya kashe wannan abu, shi ya san darajar gidana. Jibi za ki tafi Dapaong wurin Gwaggonki Rakiya. Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi da ƙyar. Tana fita ta ji Issifou yana cewa, "Motarmu ta safe tana nan, Alhaji. Zan sa a ajiye mata gidan gaba."

* * *

Washegari ta je makarantar don ta mayar da makullin ofis. Ruwan sama ya sauka da asuba, filin koyon tuƙin duk taɓo, ba ɗalibi ko ɗaya. Mudathir na zaune a kan bencin baranda da kwamfutarsa a cinya. Rigar jiya ce a jikinsa.

Ya miƙe da ya gan ta. Ta tsaya nesa kaɗan, ta jingina da ginshiƙi.

"Kawu ya kawo min goron har ɗaki," ya ce. "Ya ajiye ya fita."

"Ka goge ta, Mudathir. Don Allah ka goge."

"Na goge tun ranar da na fara jin abin. Sati biyu ke nan."

"Ka sani tun sati biyu, ba ka gaya min ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka zan iya kashe ta kafin ta iso kunnenki. Na sake yin wasan da muryata, na sauke tsohon daga intanet. Amma Safara'u, ba daga intanet suke samu ba. Waya zuwa waya suke tura wa juna."

"To ka hana."

"Ni na gina shi a haka." Muryarsa ta karye. "Saboda direbobin Mandouri da Naki-Est da ba su da rezo, sabis ɗin waya ba ya kai musu. Wata huɗu na yi ina fama sai da na sa ya yi aiki ba intanet, ya kuma wuce daga waya zuwa waya cikin minti ɗaya. Ranar da ya yi aiki, kin tuna, har lemo na saya miki. Ba ni da igiyar da zan ja shi ya dawo. Ban bar masa ko ɗaya ba."

Hawayen da take riƙewa tun jiya suka zubo.

"Ka je tasha ka roƙe su mana. Ai sun san ka."

"Na je. Kwana biyar ina bin su mota mota. Mutum arba'in da ɗaya suka goge a gabana. Kafin la'asar na tarar da shi a wayar wasunsu. Sabon kuma ba sa so. Wani ya ce min muryata kamar ta jandarma mai neman takarda." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ita kuwa wadda aka yanka ba ma cikin wasan take ba. Ƙarar waya ce kawai. Ko da zan kashe wasan a duniya duka, tana nan."

"Wa ya yanka?"

"Ban sani ba."

"Ni na sani."

"Zato kike yi. Ni ma ina yi. Amma in na tsaya a gaban Baba na ambaci sunan Issifou ba shaida, me zan zama? Wanda ya ɓata 'yarsa, ya dawo yana ɓata baƙonsa."

Ta zame ta zauna a ƙarshen bencin, ta rufe fuska da mayafi. Ya bar ta ta yi kukanta. Can wata mai tallar koko ta leƙo, ta gan su, ta wuce.

"Jiya da na fito daga ɗakin Baba," ta ce, "ƙanwata ta tambaye ni ko a kira min Inna. Na buɗe baki zan amsa, na kasa. Kunyar muryata nake ji, Mudathir. Ko salla zan yi, a zuci nake karatun. Ka san yadda mutum yake ji in ya tsani abin da ke cikin maƙogwaronsa?"

"Ni na ja miki. Da na nemi tsohuwa, ko namiji. Na ji yadda kike amsa waya a ofis, na ce wannan muryar direba zai tsaya ya saurara. Ban yi tunanin komai bayan haka ba."

Ta ɗago ta dube shi da jajayen idanu.

"Zan tambaye ka abu ɗaya. Kada ka yi min ƙarya. Da a ce akwai maɓalli ɗaya a kwamfutarka da zai kashe wasan nan a kowace waya, tsoho da sabo, a daina jin sa har abada, za ka danna?"

Ya kawar da kai yana kallon kwamfutar.

"Mudathir."

"Ran Juma'a wani dattijo ya zo daga Mango," ya ce a hankali. "Shekara talatin yana tuƙi. Ya kawo min zabi biyu. Ya ce a kwanar Défalé ya taka birki cikin ruwa, fedar ta yi ta rawa a ƙarƙashin ƙafarsa. A da can da ya ɗage ƙafa, don ya zaci birkin ya lalace. Sai ya tuna kin ce in ta yi rawa kada ya saki, ya ƙara dannewa. Mutum goma sha huɗu ne a motar."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

"Na sani."

"To?"

"Zan danna," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Zan danna saboda ke. Amma ba zan ƙara yin barci mai daɗi ba. Ga gaskiyar da kika nema."

Ta jima tana kallon taɓon filin. Ta so a ce ya amsa da sauri. Ta kuma san da ya amsa da sauri, da ba shi ne wanda take so ba. Duka biyun ciwo suka yi mata.

Ta ajiye makullin a kan bencin.

"Gobe zan tafi Dapaong. Baba bai faɗi ranar dawowa ba."

"Zan biyo ki."

"Kada ka zo. In ya ji ka taka Dapaong, ko ƙofar da ya bari a buɗe zai rufe."

* * *

Ƙarfe bakwai na safe Inna ta raka ta tasha, ta cusa mata ƙullin cukun wagashi da dambun nama na Gwaggo.

"Ki yi shiru a mota," Inna ta raɗa mata. "In an tambaye ki, ki gyaɗa kai. Ni ce da laifi da na ce ki yi. Babanki ko kallona ba ya yi."

Safara'u ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta shiga gidan gaba. Bas ce ƙarama mai ɗaukar mutum goma sha biyar. Direban, Mumuni, Bamobe ne da Hausa ba ta gama zama a bakinsa ba, mai kimanin shekara arba'in da biyar, mai fara'a da surutu. Ya gaishe ta, ta gyaɗa kai. Ya tambaye ta ko ba ta da lafiya, ta nuna maƙogwaronta. Ya yi mata sannu ya ƙyale ta.

Ba su kai Bafilo ba ta ji kanta sau uku. Sau biyu ƙarar wayar wani mai hular kwano ce a kujerar baya. Ɗaya kuma wani malamin lakwal ne yake buga wasan na gaske, tana ji tana ce masa fitila mai ruwan ƙwai gargaɗi ce, ja kuwa umarni.

"Ni ban taɓa buga wasan ba," in ji Mumuni yana dariya. "Shekara ashirin ina tuƙi, waya zai koya min? Amma ɗayan ɗin, mai kiɗan, ina da shi. An ce yarinyar 'yar Sokodé ne."

"'Yar wani mahauci, in ji su," mai hular kwano ya amsa.

Ta juya fuskarta ga taga. A gangaren Aledjo ta rufe ido tana tuna Djibril da ba ta taɓa gani ba sai a hoto. A Kara suka tsaya aka sauke buhuna, ba ta sauka ba. Bayan Kanté ana gyaran wata ƙaramar gada, aka karkatar da motoci ta cikin jeji, hanya duk duwatsu. Wani abu ya daki ƙarƙashin motar da ƙarfi. Mumuni ya yi tsaki, ya hau kwalta, ya ƙara wuta.

Sun yi tafiyar minti goma ta hango ta.

A tablon motar akwai wata fitila mai ruwan ƙwai da aka manna wa guntun takarda. Amma gefenta wata ta kama, ja, mai siffar buta da ɗigo a bakinta. Ta ɗauke, ta dawo, sannan ta tsaya cak.

Jimla ta goma sha bakwai ce a cikin waɗanda ta karanta. Sau shida Mudathir ya sa ta maimaita, yana cewa ta ƙara mata nauyi. Man inji ya daina zagayawa. In aka ci gaba, inji zai ƙame a kan gudu.

Ta dubi allurar gudu. Casa'in da biyar. A bayansu wata tirela ta maƙale musu tun daga gada.

Ta taɓa hannun Mumuni, ta nuna masa fitilar da yatsa.

"Kada ka damu, Hajiya," ya ce. "Motar nan kullum yana kunna fitila. In mun kai Mango sai in duba."

Ta girgiza kai, ta sake nunawa da ƙarfi.

"Na ce ba komai. Saura kilomita talatin."

A bayanta wata mata tana shayar da jariri. Ta tuna raɗar Inna a tasha, ta tuna fuskar Baba. Ta ce a ranta wataƙila su kai. Sai ta ji wata ƙara siririya ta fara fitowa daga injin, kamar ana kaɗa cokali a kwano.

Ta sauke mayafin.

"Direba, jar buta ta kama. Ka kunna sigina, ka sauka gefen hanya, ka kashe inji yanzu. Kada ka ƙara ko taku ɗaya."

Motar ta yi tsit. Mumuni ya juyo ya dube ta baki buɗe, amma hannunsa ya riga ya bi umarnin. Ya sauka gefe ya murɗe makulli. Tirelar ta wuce su da hon mai tsawo, iskarta ta girgiza bas ɗin.

Da suka fito, ga baƙin mai ya ja layi a kan kwalta har inda ido ya ƙare. Dutsen ya huda kaskon mai. Mumuni ya zaro sandar awo, ya goge, ya mayar, ya zaro. A bushe. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

"Da ya ƙame a gaban tirelan nan..." Bai ƙarasa ba. Ya dube ta. "Hajiya, kai ne mai muryan?"

Ta kawar da kai.

Mai jaririn ta kama hannunta tana sa mata albarka. Malamin lakwal ya cire hula. Amma mai hular kwano ya riga ya ɗaga wayarsa, tun cikin mota yake ɗaukar ta hoton bidiyo.

"Ga ta nan, jama'a," yake cewa yana matsowa. "Ga mai muryar da kanta. Hajiya, ki ce mana madalla ka burge ni, ko sau ɗaya."

"Don Allah ka goge," ta ce tana kare fuska da hannu. "Don girman iyayenka."

Mumuni ya tashi ya fizge wayar. "Ba ka da kunya? Shi ya cece ka yanzu." Ya miƙa wa malamin lakwal ya goge. Malamin ya duba, ya duba, ya ɗago a sanyaye.

"Ya riga ya tura wa rukunin 'yan tasha na waya. Mutum ɗari biyu da wani abu."

Safara'u ta koma gindin wata kaɗanya ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Awa uku suka yi a wurin kafin makaniki ya zo daga Mango a kan babur, kuma cikin awa ukun nan duk motar hayar da ta wuce sai ta rage gudu, kawuna su leƙo ta taga.

* * *

La'asar sakaliya suka wuce Bombouaka, rana ta yi sanyi suka shiga Dapaong. Mumuni ya ƙi sauke ta a tasha. Ya kai ta har ƙofar gidan Gwaggo Rakiya a Zongo, ya sauke mata kaya da kansa.

Wata farar mota ƙirar zamani tana tsaye a ƙofar gidan, da lambar da ta sani.

Gwaggo ta tare ta a soro, ta rungume ta, ta ja ta ɗaki.

"Babanki ya kira sau huɗu. Ya ga hoton. An ce a masallaci aka nuna masa, bayan azahar. Innarki ta ce tun da ya dawo yake kwance, an kira mai awon jini." Ta rage murya. "Kuma kina da baƙo. Tun ƙarfe biyu yake zaune. Ya ce da izinin Alhaji ya zo."

"Gwaggo, ba zan iya ba."

"Ki wanke fuska ki je ki ji. Jin magana ba amsa ba ne. Ina nan bakin ƙofa."

Kafin ta fita ta kunna wayarta da ta kashe tun Kanté. Saƙon murya ɗaya ne, daga Mudathir. Ta kara a kunne.

"Na ga abin da ya faru. Na kuma ji abin da kika yi a motar. Safara'u, Issifou ya zo wurina da safe kafin ya kama hanya. Ya gaya min abin da zai faɗa miki. Yana iyawa, ni ba na iyawa. Na zauna tun ɗazu ina neman bakin da zan ce miki ki ƙi, ban samu ba. Baba yana kwance saboda ni. Ba zan ce ki karɓa ba, harshena ba zai iya ba. Amma duk abin da kika yi, ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Nan saƙon ya ƙare.

Ta ajiye wayar a kan gado ta fita.

Issifou na zaune a falo cikin farar shadda, ruwan da aka kawo masa bai taɓa ba. Ya tashi ya gaishe ta da ladabi, ya jajanta mata wahalar hanya, ya ce zai ƙara wa Mumuni albashi. Ta zauna a ƙasa nesa da shi.

"Ba zan ja ki da nisa ba," ya ce. "Ran Asabar shugabannin ƙungiya za su zauna, daga Sokodé har Cinkassé. Takarda ɗaya zan sa a gabansu. Duk direba ko mai babur da aka ji wannan abu a wayarsa, ba zai yi lodi ba sati guda. In ya sake, a karɓe katinsa. Muna da masu duba lodi a kowace ƙofa, su za su duba wayoyi. Cikin wata ɗaya Alhaji zai ratsa tasha bai ji komai ba. Hoton yau ma haka."

"Mai kiɗan kaɗai?"

"Duka. Mai duba lodi ba shi da lokacin bambance wasa da kiɗa. Murya ɗaya ce."

"Wasan ne ya tsayar da motarka yau. Mutum goma sha biyar."

"Ke kika tsayar da ita, kuma na gode." Ya gyara zama. "Direbobi sun yi shekara hamsin suna tuƙi ba wasa. Mahaifi kuwa ɗaya gare ki."

"In ka iya, me ya hana ka yi tun sati uku?"

"Shugabannin za su tambaye ni mece ce tawa a ciki. In na ce 'yar Alhaji Garuba ce, za su ce Allah ya kyauta, su wuce magana ta gaba. In na ce matar da zan aura ce, ba wanda zai ɗaga yatsa. Haka maza suke, ba ni na yi su ba. Ba dole nake yi miki ba, Safara'u. Alhaji ma ya ce sai abin da kika ce."

Ta dube shi ido cikin ido, karo na farko tun da ta san shi.

"Wa ya yanka muryata ya sa mata kiɗa?"

Bai kawar da kai ba, bai kuma yi fushi ba. Ya mayar da carbinsa aljihu a natse.

"A ce kin sani yau," ya ce. "A ce ma an kawo miki shi ya durƙusa a nan. Wace waya ɗaya hakan zai goge?"

Ta sauke idonta ƙasa.

Labulen ƙofa ya motsa. Gwaggo Rakiya ta shigo riƙe da wayarta da hannu biyu, fuskarta a jiƙe.

"Babanki ne," ta ce. "Da ƙyar yake magana. Ya ce shi ba ya son dogon bayani. Kalma ɗaya yake so ya ji daga bakinki a kan auren Issifou, i ko a'a."

Safara'u ta karɓi wayar. Ta kai ta kunne. A can cikin wayar tana jin numfashin mahaifinta, mai nauyi, da kukan Inna ƙasa ƙasa a bayansa.

"Safara'u," ya ce. "Ina jin ki."